Nasiha Kan Gyaran Fuska da Hasken Lesa

Ya 'yan'uwa mutanen Sabon Birni da Isa, haƙiƙa hasken lesa, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1960, yana da fa'ida ga fuska, domin yana rage tabon ƙuraje, yana kuma raunana saiwar gashin da ke haddasa ƙurajen aski a haɓa da wuya. Sai dai kuma, da yake baƙar fata ta fi farar fata shan haske, na'urar da ba ta dace ba takan ƙona ta, ta bar tabon da ya fi na farko muni. Nau'in lesa da ake kira Nd:YAG ne ya fi aminci ga irin fatarmu. Don Allah, kada ku miƙa fuskokinku ga mai shagon kwalliya. Ku fara ganin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.