Ajiyar Wake Ba Sai da Guba Ba

Mai son waken kaka ya kai shi damina, abin da ya fi buƙata shi ne bushewa da toshe iska, ba maganin ƙwari ba. Ƙwaron wake numfashi yake yi. Idan aka rufe shi ruf, iskar ciki ta ƙare, sai ya mutu. Wannan ne sirrin buhun PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka: leda biyu a ciki, buhu a waje, kowanne da ɗaurinsa. Amma a fara shanya waken sosai. Don gwada bushewarsa, a zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima.

Wasu za su ce buhun da tsada, magani kuwa araha. To, buhun da bai huje ba yana sake aiki baɗi, jarka mai murfi ma ta isa in an cika ta har baki. Gubar maganin fa? Ita ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, alhali shi muke dafa wa yaranmu. A ɗora buhun bisa katako nesa da bango, saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa.