Babba Mai Tsoron Yara

Karatu: Markus 10:13-16, Fitowa 4:10-16.

Akwai wani ciwo a cikinmu wanda ba mu cika faɗinsa ba. Dattijo yakan tsaya gaban ekklesiya ran Lahadi ya yi wa'azi, muryarsa ba ta ko rawa. Amma a ce masa ya riƙe ajin yara goma, sai bakinsa ya bushe, gabansa ya yi ta faɗuwa, ya shiga neman hujja. Har a cikinmu masu hidima akwai irinsa, kuma saboda wannan azuzuwa da yawa ba su da malami.

Bari mu duba mafarin abin. Cikin kunya aka goye mu. A gidaje da yawa uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, balle ya yi wasa da shi gaban mutane. Yaro kuwa an hore shi ya tsuguna, ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. To, ga babba bai saba ba, ga yaro ba ya ɗaga ido. Sai babban ya ce a ransa, yaran nan ba su so na, alhali kuwa ladabi suke yi masa. Wani kuma tambaya yake tsoro, gama yaro ba ya rufa wa malami asiri. In ya gaji, a fili zai yi hamma.

Sa'anda aka kawo wa Yesu yara, almajirai suka kwaɓi masu kawo su, shi kuwa ya ji haushin wannan. Mu lura, Markus bai rubuta cewa ya yi wa yaran dogon jawabi ba. Ya rungume su, ya ɗibiya musu hannu, ya sa musu albarka. Ashe ba gwanintar baki ake fara nema ba.

Musa ma ya kawo kukan nauyin baki. Ubangiji bai sallame shi ba, amma ya haɗa shi da Haruna. Haka mu ma, kada mu shiga aji mu kaɗai. Mu zauna kusa da wanda ya saba, mako biyu ko uku, muna kallo. Zaman manya biyu, a fili inda kowa ke gani, ya fi kyau ga yaran da mu duka.

Gudu shi ne abincin tsoro. Duk ranar da muka kauce mukan ji sanyi, amma gobe tsoron ya fi na jiya. Saboda haka mu soma da yaro ɗaya. Mu sauka kan tabarma, tsawonmu ya zo daidai da nasa. Mu sa hannu cikin aiki tare, ko ɓarar gyaɗa ko sharar ɗakin sujada, gama magana ta fi sauƙi in ido yana kan aiki. Mu tambaye shi sunan akuyarsu, ko wasan da suke yi da farin wata, sa'an nan mu jira. Jiran nan ne yake yi mana wuya. Yaro yakan daɗe kafin ya amsa, mu kuwa sai mu cika shirun da surutu. In gaba ya faɗi, mu ja numfashi a hankali, faɗuwar za ta lafa. In ya tambayi abin da ya fi mu, mu ce, "Ban sani ba, amma zan bincika." Wanda tsoron ya kai har ya hana shi barci ko cin abinci, ya gaya wa fasto, ya kuma ga likita.

Aikin wannan wata: kowa ya koyi sunayen yara uku waɗanda ba na gidansa ba, ya gaishe su da suna kafin a shiga sujada.