Birkin Tunkuɗa: Yadda Yake Aiki da Sunan da Ya Dace da Shi

Ɗalibin da aka ba fassarar takardar bayanin wata na'ura yakan garzaya ƙamus tun bai san yadda na'urar take aiki ba. Wannan maƙala za ta ɗauki wani nau'in birki ta gwada ɗaya hanyar: a fahimci abu tukuna, sannan a raɗa masa suna.

Matsala ta farko ita ce kalmar "tirela". A bakin Bahaushe, tirela doguwar motar kaya ce mai birkin iska. A Turai da Amurka kuwa har da ɗan ɗakin kwana mai ƙafafu da ake ɗaura wa ƙaramar mota a tafi shan iska. Da wuya a ga irinsa a Abuja, amma ana ganin 'yan'uwansa: janareta da tankin ruwa masu ƙafafu da ake ja zuwa wuraren gini. Saboda haka dole mai fassara ya ce "ƙaramar tirela", in ba haka ba ya ɓatar da mai karatu.

A dokar Tarayyar Turai, tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750 sai tana da birki nata, kuma an yarda da wannan nau'i har zuwa kilo 3,500. Abin sha'awa shi ne babu abin da ya haɗa shi da ƙafar direba. A bakin ƙarfen da ya haɗa tirela da mota akwai sanda mai shiga da fita. Idan direba ya taka birki mota ta rage gudu, ita tirela nauyinta na ci gaba da kai ta gaba, sai ta tunkuɗi motar daga baya. Nan take sandar ta nutse. A ƙirar Amurka tana danna famfon man birki, man ya bi bututu ya matse ƙafafun. A ƙirar Turai galibi waya take ja. Iya ƙarfin tunkuɗa, iya ƙarfin kamun birki. Da mota ta sake ja, sandar ta fito, birki ya saki. Akwai kuma abin da ke tausasa motsin sandar, don kada birkin ya riƙa kamawa yana saki da fizga.

To, amma sandar ba ta san dalilin nutsewarta ba. Idan direba ya sa ribas, mota ce ke tura tirela, birki kuma ya kama. Shi ya sa ake zura wani ƙarfe ya kulle sandar kafin a yi baya, ko a yi ƙirar da ke sakin kanta. Wanda ya manta bai zare ƙarfen ba ya hau titi babu birki. Haka nan a dogon gangare, irin na Kugbo a hanyar Nyanya, tirela kan yi ta jingina da mota, birkin ya yi ta ci har ya ɗau zafi ya yi rauni. A hawa kuwa, in aka tsaya tirela ta nemi komawa baya, jan sandar take yi, don haka birkin ba ya taɓuka komai.

Yanzu sai suna. "Birki mai sarrafa kansa" ya yi faɗi, domin birkuna da dama haka suke. "Birkin turi" gajere ne, sai dai kunnen Bahaushe zai tuno motar da ta ƙi tashi ana tura ta. "Ingiza" ta fi tafiya da zuga mutum. A ganina "tunkuɗa" ce ta fi, don tana ɗauke da ƙarfi da kuma zuwa daga baya ba zato. Mai son nahawu zai iya kawo "tunkuɗowa", tunda wasalin -o yana nuna aikin ya nufo inda mai magana yake, wato wajen direba, amma ta yi wa harshe tsawo. Birki namiji ne, don haka ɗafin -n zai ɗauka: birkin tunkuɗa. Duk wanda ya je wajen makanikai a Apo, ya faɗa musu sunan ba tare da bayani ba, ya ji abin da za su ce yana nufi.