Darasi daga labarin Samba Diallo: wa ya riƙe wuƙar?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa, da yawanmu mun karanta L'Aventure ambiguë a lise don jarrabawa kawai. Bana na sake ɗaukarsa a jami'a, sai na ga ashe akwai darasin muridai a cikinsa. Cheikh Hamidou Kane, Bafulatanin Senegal da aka haifa a Matam a 1928, shi ya rubuta shi, aka buga a Paris a 1961.

Samba Diallo ɗan gidan sarautar Diallobe ne. An kai shi almajiranci wurin malam Thierno, mai tsananin da ba ya yafe karkacewar harafi ɗaya na Alƙur'ani, kuma yana ƙaunar yaron ƙwarai. Da Turawa suka kawo lakwal, sarki ya kasa yanke shawara, malam ma ya ƙi yanke wa jama'a. Yayar sarki ce ta tara mutane ta ce a kai yara, alhali tana sane da cewa wani abu zai mutu a cikinsu. Samba ya yi karatu har Paris, inda ya shiga falsafa. Bai zama fasiƙi ba. Hudurin zuciya ne ya kuɓuce masa, har duniya ta daina yi masa magana a kan Mahaliccinta. Mahaifinsa ya kira shi gida.

A aji an koya mana cewa littafin rikicin gargajiya da zamani ne. Haka ne, amma ku dubi ƙarshensa. Akwai wani da ake kira mahaukaci, wanda ya je Turai ya dawo a firgice, ya liƙe wa Thierno. Bayan rasuwar malam, sai ya ja Samba zuwa kabarinsa, ya matsa masa lallai ya yi salla. Samba bai amsa ba, mutumin ya soke shi. Ashe wanda ya kashe almajirin Thierno yana cikin mafi son Thierno. So yake da shi, amma bai ɗauki ilimin malamin ba, ba a kuma ba shi iznin tarbiyyar kowa ba. Babi na ƙarshe yana kama da zancen fana'i, sai dai wannan bai wanke hannun mai wuƙar ba.

Abin ya taɓa ni. Bara na yi kusan wata biyu ba na zuwa wazifa, tambayoyin da na kwaso a aji sun cika min kai. Ranar da na daure na je zawiya, wani ɗan'uwa ya ce a gaban jama'a boko ya cinye ni. Na san kishin ɗariƙa ne ya sa shi, amma ban koma ba. Bayan sati biyu muƙaddaminmu ya zo ɗakina da kansa. Muka sha shayi, ya tambaye ni me Descartes yake nufi da shakka, ya saurara har na gama. Bai ambaci wazifa ba ko sau ɗaya. Da aka kira magariba ya ce, “Ɗana, ina butarka?”

Wanda yake da littafin ya sake karanta wurin kabarin a hankali. Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya saka wa muƙaddamanmu da alheri.