Darasi a Kan Tunawa da Mazan Jiya

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, dalilin wannan rubutu shi ne wani abin da ya same ni sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa. Ina cikin koya wa yara labarin ƙasa, sai wani yaro ɗan soja ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a barikin Kalapanzin na Kaduna aka haife ni. Shin Kalapanzin ɗin nan wane harshe ne?" Na dubi allo, na dubi yaro, na ce masa ya dakata mini sai gobe. Da na koma na bi littattafai, ashe sunan wani kogi ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyamma, inda sojan ƙasarmu suka yi yaƙi a ƙarshen shekara ta 1944. Kunya ta kama ni ƙwarai, gama sau da yawa na wuce ƙofar barikin nan ban taɓa tambaya ba. Saboda haka na tattara abin da na samu na shirya shi darasi, ko Allah ya sa ya amfani wani daga cikinku ranar da yaro zai tsare shi da irin wannan tambaya.

1. Asalin ranar tunawa

Babban Yaƙin Duniya na Farko, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Jamus, ya fara a 1914. An ajiye makamai ranar 11 ga Nuwamba 1918 da ƙarfe 11 na safe. Da shekara ta kewayo, watau 1919, Sarkin Ingila Joji na Biyar ya nemi dukan jama'ar da ke ƙarƙashin mulkinsa su tsaya cik, su yi shiru minti 2 a daidai wannan sa'a, domin tunawa da waɗanda suka mutu. A 1920 aka ɗauko gawar wani soja daga fagen fama na Faransa, wanda ba wanda ya san sunansa, aka binne shi a Landan cikin majami'ar da a dā ake binne sarakuna, don ya tsaya a madadin dukan waɗanda aka rasa kabarinsu. A 1921 kuma aka soma sayar da wani jan fure na kanti ana maƙalawa a ƙirji, kwaikwayon furen da ya riƙa tsirowa a filayen Faransa da Beljiyam inda igwa ta tone ƙasa. Kuɗin da aka samu a taimaki nakasassun soja da matan da aka bari da marayu.

Nijeriya ta bi wannan rana ta 11 ga Nuwamba har bayan samun mulkin kai. Daga baya aka mayar da ita 15 ga Janairu, domin a wannan rana ce ta shekarar 1970 aka gama yaƙin basasa wanda ya fara a 1967. A ranar akan yi fareti, a busa begila, a yi shiru, manya su ajiye furanni, a kuma yi addu'a a masallatai da majami'u cikin kwanakin da ke gabanta.

2. Asalin sojan ƙasarmu

A 1863 wani hafsan jirgin ruwa na Ingila mai suna Gulba ya tara 'yan Arewa 18 a Ikko ya koya musu aikin bindiga. Aka riƙa kiransu Hausawan Gulba, kuma daga gare su ne sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsu. A 1897 aka umurci Lugga ya kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda daga baya ta haɗa sojan Nijeriya da na Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, da na Saliyo da Gambiya. Da yake 'yan Arewa sun yi yawa a cikinta, Hausa ta zama harshen bariki shekaru masu yawa, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Wannan ya sa kalmomi irin su kofur da saje da samanja da fareti suka shigo bakinmu suka zauna.

3. Yaƙin Jamus a Kamaru da Tanganyika

A lokacin nan Kamaru tana hannun Jamus. Da yaƙi ya tashi sai sojan Nijeriya suka tsallaka iyaka. Farkon al'amari bai yi kyau ba, gama a ƙarshen Agusta 1914 sun kai hari Garwa aka kore su, aka kashe babban hafsansu da mutane da yawa. Garwa ba ta faɗi ba sai watan Yuni 1915. A dutsen Mora kuwa, can wajen Mandara, Jamusawa da sojansu baƙaƙe suka hau bisa suka ƙi saukowa, aka kewaye su tun daga Agusta 1914 har Fabrairu 1916. Su ne na ƙarshen miƙa wuya a ƙasar duka. Ku lura da wannan, 'yan'uwa: mutanen da ke bisa dutse da waɗanda ke ƙasa suna harbinsu, da yawansu harshe ɗaya suke ji, alƙibla ɗaya suke fuskanta.

A ƙarshen 1916 aka ɗauki birged ɗin Nijeriya a jirgin ruwa zuwa Darussalam ta Tanganyika. Damina ta 1917 ta tarar da su a bakin kogin Rufiji, hanyoyi suka yanke, abinci ya ƙare, yunwa da zazzaɓi da atuni suka yi musu ɓarna. A watan Oktoba na shekarar suka gamu da Jamusawa a Mahiwa, aka yi kwanaki ana ɓarin wuta, aka yi musu hasara mai yawa. Bayan masu bindiga kuma akwai dubban masu ɗaukar kaya, waɗanda aka ɗebo daga garuruwa da ƙauyuka, wasu da son ransu, wasu kuwa tilas. Su ke ɗaukar harsashi da abinci a ka, cuta kuwa ta fi cin su.

Akwai wani mutumin Barno da ya kamata kowane yaro ya san sunansa, shi ne Chari Maigumeri. Da fari sojan Jamus ne a Kamaru. Aka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga sojan Nijeriya, ya yi yaƙi a Afirka ta Gabas, ya kai matsayin babban samanja, ya kuma ga yaƙi na biyu, bai ajiye kaki ba sai 1953. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

4. Yaƙin Hitila: Habasha da Bama

Yaƙi na biyu ya fara a 1939 ya ƙare a 1945. Italiya ta riga ta mamaye Habasha tun 1936. Aka kai sojan Nijeriya Kenya, daga can suka kutsa ƙasar Somaliya, suka shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, suka miƙa arewa har Harar a cikin watan Maris. A watan Afrilu Adis Ababa ta faɗi, a watan Mayu Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa.

Sa'an nan aka kafa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya, daga can zuwa Bama don su kara da Japan. Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan, ƙasa ce ta kurmi da duwatsu, ba hanyar mota. Da gatari da diga da shebur suka fasa hanya ta kimanin mil 75. Abincinsu da harsashinsu daga jirgin sama ake sako musu da laima, sa'an nan masu ɗaukar kaya su ɗora a ka su bi sawun mayaƙa. Wasu bataliyoyi 3 na Nijeriya kuma aka haɗa su da mayaƙan da ake kira Chindit, waɗanda ake saukewa can bayan abokan gaba. Runduna ta 82 ta bi kwarin Kalapanzin a watan Disamba 1944, a watan Janairu 1945 kuma runduna biyun suka haɗu suka ci tsohon birnin Myohaung.

To, ga amsar tambayar yaron nan, har da ƙari. Barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, da na Chindit a Zariya, da na Myohaung a Ikko, da na Letmauk a Badun, duk sunayen Bama ne. Barikin Mogadishu na Abuja yana tuna 1941. Barikin Bukavu na Kano kuwa sunan wani gari ne a Kwango, inda sojanmu suka je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964. Ashe tarihin yana rubuce a ƙofofin barikoki, mu ne ba mu karanta ba.

Ga wani labari na kwarin Kaladan da ya cancanci a ba yara. Wani saurayi Bayarabe mai suna Isaac Fadoyebo, ma'aikacin jinya a cikin soja, an harbe shi a ƙafa a watan Maris 1944, aka bar shi a daji ana zaton ya mutu. Wani talakan ƙauye Musulmi ya ɓoye shi tare da wani abokinsa ɗan Saliyo, yana ciyar da su, alhali ya san in Japanawa suka gane kashe shi za su yi. Kimanin wata 9 suka yi a ɓoye kafin a cece su. Fadoyebo ya komo gida, ya rubuta labarinsa, ya rayu har 2012. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

5. Sunayen da ba a rubuta ba

A 1917 aka kafa hukumar da ke kula da kaburburan sojan daular Ingila, bisa sharaɗin cewa hafsa da farabiti daidai suke a kabari, kowa da sunansa. A maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba, a cikinsu akwai 'yan Afirka ta Yamma. Amma a yaƙi na farko ba a cika wannan alkawari ga baƙar fata ba. A watan Afrilu 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, watakila ma adadin ya kai 350,000. Gwamnatin Ingila ta nemi gafara a majalisa. Mafi yawan waɗannan bayin Allah masu ɗaukar kaya ne. Uwa ta yi rakiya har bakin gari, ɗa bai komo ba, kabari babu, suna babu.

6. Wata gardama da za ku gamu da ita

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wani zai ce muku, "Yaya za mu girmama sojan Nasara? Ba wannan runduna ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903 ba? Ba ita ce ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ba, ta kuma shafe Satiru a 1906?" Gaskiya ne, kada ku musa, kada kuma ku ɓoye wa yara. Waɗanda suka faɗi a Burmi su ma mazan jiya ne, sun cancanci a tuna da su a yi musu addu'a.

Amma a ganina wajibi ne mu raba tsakanin mai kiran yaƙi da wanda aka tura. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a sha'anin yaƙi sau da yawa wanda ya ja ruwan yana cikin soro, ɗan talaka ke jiƙewa. Saurayin da ya bar gonar ubansa a Katsina ko Bauchi ya mutu a kurmin Bama bai san abin da ya haɗa Ingila da Japan ba. Tunawa da shi ba yabon mulkin mallaka ba ne, biyan hakkin ɗan'uwa ne. Mu da muka yi karatun allo kuma mun san a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an kashe Sahabbai kimanin 70, cikinsu har da Sayyidina Hamza, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ziyartar kaburburansu yana yi musu addu'a. Darajar waɗannan daban take, ba a gwada ta da ta kowa, amma mun koyi cewa manta mamaci ba halin kirki ba ne.

Kada kuma yara su ɗauka wannan duk labarin dā ne. Sojanmu sun mutu a yaƙin basasa, sun mutu a Laberiya daga 1990 da Saliyo bayanta, sun mutu a Arewa maso Gabas daga 2009. Yana yiwuwa a cikin ajinka akwai maraya wanda ubansa na cikinsu, saboda haka ka auna maganarka.

7. Yadda za a koyar da darasin

Malami ya zo da taswirar duniya. Ya sa yara su nuna Ikko, su bi teku da yatsa su kewaya Afirka ta Kudu har Indiya, don su ga nisan tafiyar. Ya rubuta sunayen barikoki a allo, yara su nemo asalin kowane. Sa'an nan ya ba su aikin gida, kowa ya tambayi tsofaffin gidansu ko akwai wanda ya tafi yaƙi, wane yaƙi, ya komo ko bai komo ba. A rubuta sunayen cikin littafi guda a ajiye a makaranta, gama abin da aka rubuta ya fi abin da aka riƙe a ka daɗewa. In akwai tsohon soja a garin, ko matar da soja ya mutu ya bari, a kai yara su gaishe su, a tafi da ɗan abin da ya sawwaƙa. Furen da aka ajiye a gindin gini ba ya ciyar da maraya.

Tambayoyi

1. Don me aka zaɓi 11 ga Nuwamba, don me kuma Nijeriya ta koma 15 ga Janairu?
2. Faɗi barikoki 3 masu sunayen Bama, da garuruwan da suke.
3. Wane aiki masu ɗaukar kaya suka yi, me ya sa sunayen yawancinsu suka ɓace?
4. Wace amsa za ka ba wanda ya ce bai kamata a tuna da sojan zamanin Turawa ba?

Kashegari na koma aji na ba yaron nan amsarsa. Ya ce zai gaya wa babansa in ya komo daga bakin daga. Allah ya komo da shi lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wassalam.