Darasi: Yadda Wake Yake Farfaɗo da Gona

Gona takan gaji idan dawa kaɗai ake shukawa a cikinta kowace shekara. A Samaru ta Zariya, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello masu neman digiri na biyu sukan ɗebi ƙasar gona su auna ƙarfinta.

Bincike ya nuna cewa saiwar wake da ta gyaɗa suna da 'yan gudaji. Ƙwayoyin halittar da ke cikinsu suna jawo wa shuka abinci daga iska, irin wanda ke cikin takin yuriya. Idan aka fasa gudajin aka ga ja-ja a ciki, to suna aiki.

Saboda haka, wanda ya shuka dawa bana, ya shuka wake baɗi, kuma ya bar saiwar a ƙasa bayan girbi.

Tambaya: Me ke gajiyar da gona?