Amsoshin Tambayoyinku: Labarin Peter One

Wani mai sauraronmu daga unguwar Adjamé ta birnin Abidjan ya aiko yana tambaya, ko an taɓa samun ɗan ƙasar Kodibuwa da ya shahara a kiɗan kantiri irin na mutanen karkarar Amurka. To Malam, Allah ya saka da alheri, haƙiƙa an samu.

A shekarar 1985, zamanin da kiɗan rawa ya cika gidajen shaƙatawa na unguwar Treichville ta Abidjan, wasu samari biyu, Peter One wanda ya taso a Bonoua da abokinsa Jess Sah Bi mai zanen barkwanci a jarida, suka ɗauki jita, suka daidaita muryoyinsu cikin natsuwa, suka fitar da faifan Our Garden Needs Its Flowers a Abidjan, suna waƙa da harshen Guro da Faransanci da Ingilishi, suna kiran zaman lafiya, suna la'antar wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, har sunansu ya kai Burkina Faso da Togo.

Amma al'amarin duniya ba ya tabbata. A 1995 Peter One ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya yi shekara da shekaru yana aikin jinya, daga bisani a Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, alhali abokan aikinsa ba su san ko shi wane ne ba, abin da ni dai yake sosa mini rai. Sai a 2018 aka sake buga tsohon faifan, kana a 2023 ya fitar da sabon faifansa Come Back to Me, ya kuma hau dandalin kiɗan kantiri na Grand Ole Opry.